SAI DA RUWAN CIKI A KE JAN NA RIJIYA

Jawabin da wani ɗan'uwanmu, monita a lakwal, ya yi gaban wakilan rassa a kan koyar da harsuna. Sakataren kowane reshe ya karanta shi da ƙarfi ran taro, domin wanda bai iya karatu ba shi ma ya ji.



Shugaban taro, dattawa, iyayenmu mata, ƴan'uwa wakilan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, da ku da kuka taso daga Tasawa, Madawa, Ƙonni, Magarya da Dogon Dutsi, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina yi muku sannu da hanya.

An umurce ni in yi magana a kan harsunan da a ke koya wa yaranmu a lakwal. Ni ba babban malami ba ne. Monita ne ni, ilmina na firamare ne, irin tsarin da Faransa ta shimfiɗa a ƙasar nan, aikina kuwa alli da allo da yara cike da ɗaki. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, saboda haka ku ba ni kunnuwanku.

Maganar da na zo da ita guda ce, ga ta tun da fari. Muna so yaranmu su iya Faransanci, su iya Ingilishi, su iya Larabci, iyawa ta gaske, wadda za su ci abinci da ita, su kuma kare haƙƙinsu da ita. Hanyar da ta fi kusa zuwa can ita ce yaro ya fara iya karatu da rubutu cikin harshen da ya sha a nono, sa'an nan a ɗora masa baƙon harshe a kai, sannu a hankali, ta hannun malamin da ya san aikinsa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki a ke jan na rijiya.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kun san shi. A watan Maris na 2025 aka sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Tun daga nan gardama ta kaure a kasuwa da tasha. Wasu sun ce shi ke nan, a naɗe littafin Faransanci a jefa rumbu. Wasu sun ce dabara ce ta a mai da ɗiyan talakawa baya, manya su ci gaba da kai nasu lakwal ta kuɗi. Ƴan'uwa, takarda ba ta koyar da yaro. Abin da zai raba gardamar nan shi ne abin da zai faru cikin aji, da ƙarfe takwas na safe, tsakanin mushe da yaro ɗan shekara bakwai.

INDA MUKA FITO

Lakwal ta Nasara ba a kafa ta domin ilmantar da jama'a duka ba. An kafa ta domin a sami tafinta, da akawu, da ma'aikacin gidan waya, waɗanda za su tsaya tsakanin kumandan da talakawa. Mai neman tafinta ɗaya cikin yara ɗari ba ruwansa da casa'in da taran da suka faɗi a hanya. A taron Barazabil na 1944, wanda Janar De Gol ya buɗe, an sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a yi koyarwa, an hana harsunanmu shiga aji.

Irin wannan ra'ayi ne ya haifi sambol, watau guntun icce ko ƙashi ko ƙaho da a ke rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa ko Zabarmanci a filin lakwal. Shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi yana wuyansa ya sha bulala. Ku duba abin da wannan ke koya wa yaro: ya kame bakinsa, ya zama ɗan rahoto a kan ɗan'uwansa, ya ji kunyar harshen uwarsa. Faransancinsa kuwa bai ƙaru da kalma ko ɗaya ba. Sa'ad da ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Nasara ya tafi, tsarinsa ya zauna, sambol ma ya daɗe bayansa.

A ƙetaren iyaka kuwa, Turawan Ingila sun bi wata hanya. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara. Littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam domin ƴan makaranta aka rubuta shi cikin shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta fara fita a 1939. Ba yabon wani mai mulkin mallaka na ke yi ba, kowannensu da tasa manufa. Abin lura shi ne, jama'a ɗaya, harshe ɗaya, amma a Katsina an yarda Hausa ta ɗauki karatu, a Maraɗi an ce ba ta iyawa. Ashe laifin ba na harshen ba ne.

ABIN DA AKA GWADA AKA GANI

Gani ya kori ji. Tun 1953 hukumar UNESCO ta fitar da rahoton masana da ya nuna harshen uwa ya fi kowane dacewa da fara koyar da yaro. A 1966 aka taru a Bamako aka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Kanuri da Tamajak. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, mai koyarwa da Hausa da Faransanci, daga baya aka buɗe irinta da sauran harsunan nan huɗu. Yaro ya fara da harshensa, Faransanci ya shigo da baki tukuna, sa'an nan ya karɓi koyarwa a manyan azuzuwa. Awon da aka yi wa yaran ya nuna sun fi sakin jiki a aji, sun fi yin tambaya, sun fi gane abin da su ke karantawa, Faransancinsu kuma a ƙarshen firamare bai gaza na sauran ba. Dokar ilmi ta 1998 ta amince harsunan koyarwa su ne Faransanci da harsunan ƙasa, dokar 2001 ta lissafa harsuna goma na ƙasa. Duk da haka gwaji ya zauna gwaji shekara da shekaru, akasarin yara suna nan kan tsohuwar hanya.

Mene ne tsohuwar hanyar ta haifa? A 2014 aka auna yaran ƙasashe goma masu koyarwa da Faransanci, cikin awon da a ke kira PASEC. A Nijar, fiye da tara cikin goma na ƴan aji shida ba su kai matsayin da a ke bukata a karatu ba. Shekara shida yaro yana zuwa lakwal, ya fita bai iya karanta wa tsohonsa wasiƙa ba. Ban ce harshe kaɗai ne sanadi ba, akwai yunwa, da cunkoso, da rashin littafi. Amma a wannan awo ƙasar da ƙananan yaranta suka yi zarra ita ce Burundi, matalauciya kamarmu, wadda ke fara koyarwa da harshenta na Kirundi.

A ƙasar Yarabawa, Farfesa Babs Fafunwa na jami'ar Ife ya fara wani gwaji a 1970. Aka koyar da yara dukan darussa da Yarabanci shekara shida cur, Ingilishi kuwa darasi ne guda a hannun malamin da ya ƙware a kansa. Da aka gwada su da waɗanda aka juya wa Ingilishi tun tsakiyar firamare, ba su gaza su a Ingilishin ba, sun kuma fi su a wasu darussan. A Burkina Faso, lakwal mai harshe biyu da aka fara a 1994 ta nuna yaro yana iya gama firamare cikin shekara biyar maimakon shida.

Akwai kuma gargaɗi. A Gini, Seku Ture ya sa harsunan ƙasa cikin lakwal a 1968, da kyakkyawar niyya, amma ba a tanadi isassun littattafai ba, malamai ba su sami horo sosai ba, Faransancin yara ya yi rauni, iyaye suka ƙosa. Yana rasuwa a 1984 aka rushe tsarin, aka koma Faransanci zalla, har mutane suka riƙa gudun a ambaci harshen gida a lakwal. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Gaggawa ba tare da shiri ba ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki.

DABARUN AJI

To, yaya za a yi? Ga dabaru shida, babu wadda ke bukatar jirgin sama ya kawo ta.

Ta farko, a koya wa yaro karatu da harshen da ya ke ji. Karatu sau ɗaya mutum ke koyonsa a duniya. Gane cewa wannan zane yana ɗauke da sauti, sautuka su haɗu su ba da kalma, kalmomi su ba da magana, in ya shiga kai ya shiga ke nan, kowane harshe ya zo daga baya zai tarar da ƙofa a buɗe. Rubutun Hausa mai sauƙi ne, kusan abin da ka rubuta shi ka ke faɗi. Faransanci ba haka ya ke ba. Ruwa sunansa "o", amma da baƙaƙe uku a ke rubuta shi, e da a da u, babu o ko ɗaya ciki. Yaron da aka ɗora wa koyon karatu da baƙon harshe da irin wannan rubutu rana ɗaya, jaki ne aka labta wa kayan raƙumi, in ya durƙusa a ce rago ne. Lissafi ma haka. Ku tambayi yarinya mai tallan ƙosai: an sayi na dala biyar sau uku, an ba ta dala ashirin, nawa za ta mayar? Kafin ka rufe baki ta ba ka amsa. Kawo ta aji ka tambaye ta da Faransanci, inda dala ashirin ta koma sefa ɗari, tamanin ta zama "huɗu sau ashirin", sai ta yi tsit. Lissafin yana nan cikin kanta, harshe ne ya tsare hanya.

Ta biyu, kunne da baki kafin alƙalami. Babu uwar da ta taɓa koya wa ɗanta magana da dikte. Tun ajin farko a ware rabin awa kowace rana domin Faransanci na baki, ba allo ba littafi. Mushe ya ce "lève-toi" ya miƙe da kansa, yara su miƙe. Ya ce "ouvre la porte" ya nuna ƙofa, yaro ya je ya buɗe. Jiki ya fara amsawa, baki ya biyo baya. Daga nan a kafa kasuwa cikin aji da gwangwanaye da duwatsu, wannan ya saya, wannan ya sayar, a yi ciniki da baƙon harshe. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Ku kuma yi wannan lissafi: aji mai yara sittin, darasi na minti talatin, in mushe yana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, rabin minti kowa zai samu. In ya haɗa su biyu biyu suna yi wa juna magana, kowa ya sami kusan minti goma sha biyar. Ajin harshe da ya yi tsit kamar maƙabarta ba a koyon kome cikinsa. Kuskure kuwa a gyara shi da fara'a, domin yaron da aka yi wa dariya ko bulala sau ɗaya ba ya sake buɗe baki.

Ta uku, a riƙa gwada harsunan biyu gefe da gefe. Malamin da ya san Hausa ya san tun kafin ya shiga aji inda yaransa za su yi tuntuɓe. Ba mu bambanta p da f, ba mu da v, ba mu da wasulan hanci, ba mu son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali tsakani. Sai ya shirya wa waɗannan wurare horo na musamman. Akwai kuma inda Hausa ke ba yaro jari. Bahaushe ya riga ya san kowane suna namiji ne ko mace, abin da ke wahalar da mai Ingilishi in ya zo koyon Faransanci. Sai dai a faɗa masa a fili cewa jinsin ba ya tafiya daidai: rana mace ce gare mu, namiji ce gare su, wata namiji ne gare mu, mace ne gare su. Yadda mu ke ce wa babba "ku" don girmamawa, haka su ke ce masa "vous". Bayani na minti biyu da Hausa ya kan warware abin da mako guda na haddar Faransanci bai warware ba.

Ta huɗu, kada a yanke igiya da wuri. Kuskuren da ƙasashe da yawa suka yi shi ne, a yi shekara biyu ko uku da harshen gida, ran nan kwatsam a juya kome zuwa Faransanci. Masu binciken ilmi a Afirka sun nuna yaro yana bukatar shekara shida zuwa takwas yana koyon baƙon harshe a hannun malami nagari kafin ya iya ɗaukar lissafi da kimiyya da tarihi cikinsa kaɗai. Gaisuwa da ciniki a kan iya su da wuri, amma harshen littafi yana cin lokaci. Saboda haka harshen gida ya riƙe koyarwa har ƙarshen firamare, rabon Faransanci yana ƙaruwa kowace shekara, harsunan biyu su shiga kolej tare. A kuma sa harshen gida cikin jarrabawa, domin abin da ba a jarrabawa a kansa, malami ba ya koyar da shi, uba ba ya ganin darajarsa.

Ta biyar, harsuna su shigo bi da bi, kowanne da dalilinsa. Faransanci har yanzu shi ne harshen takardun ofis da jami'a, da shi mu ke magana da Bamako da Wagadugu da Kotonu. Wanda ya hana ɗan talaka shi ya rufe masa ƙofa. Ingilishi shekara da shekaru sai a kolej a ke fara shi, galibi nahawu a kan allo, yaro ya yi shekara bakwai bai iya sayen tikitin mota da shi ba, alhali iyakarmu da Nijeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, mutanenmu kuma kullum suna hanyar Kano da Legas da Kumasi. A soma shi da baki a ƙarshen firamare, bayan karatu ya zauna, ta hanyar nan da na faɗa ta kunne da baki. Larabci kuwa ya riga su duka zuwa ƙasar nan. Kakanninmu sun rubuta Hausa da ajami tun Nasara bai zo ba, a 1957 kuma aka buɗe madarasar Sayi mai haɗa Larabci da Faransanci. Yaron da ya yi makarantar allo ya san baƙaƙe, kunnensa ya saba da sautin. Sunayen kwanakin mako, da ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, da ɗaruruwan kalmomi na bakinsa duk daga Larabci su ke. Abin da ya rage a ƙara masa ma'ana da magana, ya iya tambaya ya iya amsawa. Amma kada a zuba wa ɗan aji ɗaya harsuna huɗu lokaci guda, tulu mai ƙaramin baki a hankali a ke cika shi.

Ta shida, malami da littafi da lokaci. Jin Hausa dabam, iya koyar da ita dabam. Monita da yawa sun iya rubuta Faransanci ba kuskure, amma a ce su rubuta wasiƙa da Hausa bisa ƙa'idar da gwamnati ta tsayar a 1999, sai ƙ da k su cakuɗe, ɗ da d su cakuɗe, a rasa bambancin ƙafa da kafa. Makarantun horon malamai na Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso su horar da kowane malami a kan harsuna biyu, a kuma tura shi inda ya ke jin harshen yara. Malamin da ba ya jin Kanuri, in aka kai shi ƙauyen Barebari ya koyar da ƴan ajin farko, an cuci malamin, an cuci yaran. Littafi kuwa, wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba kamar wanda ya koyi sukuwa ne ba doki. Lokaci kuma kun sani, ajin zana ba ya tashi sai an gama girbi an sami kara, ruwan farko kuma ya watse shi. Watannin da suka salwanta nan, babu dabarar da za ta mayar da su.

AMSA GA MASU SHAKKA

In kun koma gida za a tare ku da tambayoyi. Kada ku yi fushi da mai tambaya, tsoronsa na gaskiya ne, ɗansa ya ke ji.

Wani zai ce: ɗana ya iya Hausa tun a gida, me zai je yi da ita a lakwal? Ku ce masa ɗan Bafaranshe ma ya iya Faransanci tun a gida, amma yana karanta shi tun daga ajin farko har lise. Iya magana somin taɓi ne, rubutu da tsara hujja da karanta doka sai an koya.

Wani zai ce: to don me manya ke kai ɗiyansu inda a ke Faransanci zalla, kuma suna ci? Ku ce masa ɗan babban ma'aikaci yana jin Faransanci a gida, a tebur, a talabijin, akwai littafi a ɗakinsu, akwai mai yi masa bita da dare. A ƙasar Kanada, a wani gari kusa da Mantiriyal, iyaye masu Ingilishi sun sa an tsunduma yaransu cikin Faransanci tun ajin farko a 1965, abin kuma ya yi kyau, domin harshensu na gida yana da ƙarfi ko'ina, a jarida da littafi da kanti, malamansu kuma suna jin harsunan biyu, lakwal ɗin ma daga baya ta koyar da su Ingilishinsu. Ɗan manomin Gazawa ba ya jin Faransanci ko'ina sai a bakin mushe. Maganin da ya yi wa wancan ba lalle ya yi wa wannan ba. Amma akwai gaskiya cikin tambayar: in lakwal mai harshe biyu ta fitar da yara marasa Faransanci da Ingilishi, to ta zama lakwal ta talakawa, mun gina bango da hannunmu. Shi ya sa na ce a auna ta da ƙarfin baƙon harshen da yaro ya fita da shi.

Wani zai ce: Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. Ku ce masa babu harshen da aka haifa da su. Kalmar da Faransawa ke kiran aljabara da ita daga Larabci suka aro ta, kalmarsu ta "chiffre" kuma uwarsu ɗaya da sifirinmu. Gidan rediyon BBC yana watsa labarin duniya da Hausa tun 1957, bai taɓa rufewa don rashin kalma ba. Abin da babu a ƙirƙira, ko a ara a gyara masa zama.

Tambaya ta huɗu ta fi nauyi, daga ƴan'uwanmu Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da Gurmawa da Larabawa ta ke fitowa: shin Hausa ce za ta hau kujerar da Faransanci ya sauka? Mu masu jin Hausa mu ne ya kamata mu fara ba da amsa, da babbar murya. Hujjar da na kawo duka a kan harshen da yaro ke ji ta tsaya, ba a kan Hausa ba. Yaron Tilaberi da Zabarmanci zai fara, na Abzin da Tamajak, na Difa da Kanuri. Hausa ta zo masa daga baya a matsayin darasi, yadda ya kamata yaron Maraɗi shi ma ya koyi ɗaya daga harsunan ƴan'uwansa. Wanda ya san zafin sambol ba ya rataya wa wani.

AIKIN RASSA

Ba a fafe gora ran tafiya. Ga abin da na ke roƙon kowane reshe ya ɗauka, a kawo rahoto a taro mai zuwa.

1. A ziyarci kowace lakwal ta gari, da ladabi da izinin darekta. A rubuta yara nawa ne a ajin farko, wane harshe su ke ji, wane harshe malaminsu ke ji, littafin karatu nawa ke akwai, da wane harshe.

2. Kowane ɗan reshe mai yaro ya zaunar da shi sau ɗaya a mako ya karanta masa layi biyar da ƙarfi, sa'an nan ya faɗi ma'anar da bakinsa. Ko uba bai iya karatu ba, zai gane ko ɗansa ya fahimta ko haddacewa ya yi kamar aku.

3. A shiga kwamitin kula da lakwal da ƙungiyar iyayen yara. Iyayenmu mata su shiga tasu, domin su ke tare da yara, su ne kuma za su tsaya kada a cire ƴan mata kafin karatu ya zauna.

4. A samar da abin karantawa. A zauna da tsofaffi a rubuta tatsuniyoyi, da tarihin gari, da yadda a ke rini da jima da ƙira. A buga, a manna a bangon lakwal, shafi guda da harshen gida, na kusa da shi da Faransanci ko Ingilishi. Masu babbar waya su ɗauki muryar mai karatu mai kyau su rarraba, a kuma nemi rediyon gari ta ba da ɗan lokaci.

5. A nemo masu harshe na cikin gari. Akwai direban da ya yi shekaru a hanyar Legas, akwai alhajin da ya zauna Makka, akwai tsohon ma'aikacin da ya yi ritaya. A roƙe su awa ɗaya a mako su yi hira da manyan yara da harshen da suka iya.

6. A haɗa hannu a tayar da ajin zana da wuri, a kuma matsa wa hukuma ta gina na dindindin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan'uwa, mutanenmu ba baƙi ba ne ga harsuna. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro, da waɗanda suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, sun koyi bakin kowace ƙasa da suka sauka, ba su kuwa yar da nasu ba, da shi su ke lissafin riba in dare ya yi. Abin da mu ke nema wa yaranmu ke nan, sai dai su da alƙalami a hannu. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, yaron da zai shiga ajin farko bana ba zai jira mu gama gardama ba.

Allah ya ba mu ikon aikatawa, ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka.